DAMIN FARKO NA MAI RUMBU — Shafi na 17

Masu aiko min da saƙo tun asuba wai na ja muku rai, ku yi haƙuri, kwana uku ba mu ga wuta ba a Kudan, sai da na kai wayar shagon caji. Ke kuma Firdausi ta Ikara da kika ce kin daina zagayawa bayan gida ke kaɗai, ni dai ban aike ki ba. Ku gyara zama.

*

Kwana tara ke nan cif Ni'ima ba ta ce uffan ba.

Idonta biyu, tana haɗiye abin da aka sa mata a baki, tana bin mutum da kallo, amma ko tari ta yi ba ya fita da sauti. An kai ta asibiti a Zariya, an ɗebi jini, an leƙa maƙogwaro, likita ya juya takarda ya ce shi bai ga komai ba. Aka dawo da ita gida Likoro. Dalilin ke nan da ƙanwarta Rumaisa ta baro makarantar koyon aikin jinya a Makarfi ta dawo ta zauna da ita.

Rana ta take tsaka. Maza duk suna gona ana ɗaurin dawa, matan gidan sun tafi barka. Daga Ni'ima da ke kwance a ɗaki, sai Rumaisa a kan tabarma a bakin ƙofa, sai kakarsu Iya Indo da yanar ido ta kusa rufe wa gani.

"'Yar Makarfi."

"Na'am Iya."

"Kai, wannan na'am ɗin naki har ya riga kiran fita. To yau mai labarin naku ba ta sako ba ne?"

Rumaisa ta yi ɗan murmushi. Tarbiyyar Gwaggo Zulai ce, wadda ta riƙe ta a Makarfi tun daga yaye. A gidan Gwaggo, babba ya kira ka sau biyu, to na ukun ludayi ne a tsakar ka. Ita kuwa Iya tunda take ba ta taɓa kama sunan Rumaisa ba, wai sunan 'yan boko ne, harshenta ba ya lanƙwasa shi.

"Ta sako tun hantsi, Iya. Kin ga ke ma kin kamu, tsohuwa da son labari."

"Karanta min dai, marar kunya."

Sati uku ke nan guruf ɗin matan Kudan ya rikice a kan wani labari mai suna *Faɗuwar Garun Marke*, na wata da ba wanda ya san ta, tana sa hannu da 'Yar Marke. Labarin zamanin da ne, lokacin da malamai masu tuta suka iso wata ƙaramar masarauta, fada ta rabu biyu. Galadima ya bi malamai, don dama ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan sarautar. Sarki Duna ya ga in bai tuba ba, rawanin zai tafi da kansa a ciki. Yayarsa Magajiya kuwa, mai riƙe da tsafin gidan, ta ce ita ba ta sakin abin kakanni.

Rumaisa ta ɗaga murya don Ni'ima ma ta ji, ta fara.

*Malamai dai ƙwaryar tsafin kawai suka ce a ƙona. Galadima ne ya ƙara nasa gishirin. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda zai yarda ka tuba muddin tana numfashi a gidan nan."*

*Sarki ya ce, "Ba a zubar da jinin gidanmu a ƙasa."*

*Galadima ya ce, "To kada a zubar. Ai akwai rumbu."*

"Suka ɗauke ta da tsakar rana," in ji Iya, a hankali, kanta a sunkuye. "Suka zura ta ta sama. Suka kwaɓa ƙasa suka yaɓe bakin."

Rumaisa ta ja rubutun sama da yatsa. Abin da ke rubuce ke nan, kalma ba ta sauya ba.

"Iya, wa ya karanta miki?"

"Ci gaba."

"Iya…"

"Na ce ki ci gaba!"

Rumaisa ta ci gaba.

*Kwana bakwai tana kiran mutanen gidan daga cikin rumbun, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Ba ta kira da dare, sai rana ta take, irin lokacin da aka rufe ta. Galadima ya sa aka yi shela, duk wanda ya amsa mata to nata ne, tare za a haɗa su. Mata suka riƙa toshe kunnen 'ya'yansu da auduga.*

*A rana ta bakwai ta kira 'yar Sarki, wadda ita ta goya ta, ita ta yaye ta. Yarinyar tana daka a tsakar gida. Kafin ta san me take yi ta ce, "Na'am Gwaggo."*

*Daga nan maganar yarinyar ta ɗauke.*

Rumaisa ta waiga cikin ɗakin. Ni'ima ta zuba mata ido, hawaye na gangarowa ta gefen kunnenta.

*Da Sarki ya ga 'yarsa ta kama hanyar mutuwa, ranar da aka fara girbi ya ɗauki damin farko da kansa, ya kai gindin rumbun ya ajiye. Washegari yarinya ta nemi ruwa da bakinta. Amma kafin ya bar wurin, Sarki ya dafa rumbun yana kuka, ya kira yayarsa da sunan da uwarsu ta raɗa mata, ya ce…*

Rumaisa ta karanta sunan. A bayyane, da ƙarfi, yadda take karanta sauran.

Kada ku tambaye ni sunan, wallahi ba zan rubuta ba. Na san halinku, rabinku a bayyane kuke karanta wa ƙawaye.

Iya ta kai hannu za ta rufe mata baki, ta sami iska. Aikin gama ya gama.

Kajin da ke tono a gindin turmi suka tsaya cak. Can bayan ɗakuna, wajen tsohon rumbun da matan gidan ke yi wa yaɓe a kan yaɓe duk shekara ba a taɓa buɗe shi ba, wani ɓarɓashin ƙasa ya faɗo, ƙwas.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Iya. "Kin kira ta."

"Wa na kira? Iya, labari ne fa! Ƙirƙira ce!"

"Sunan garin ne ƙirƙira, da na sarkin. Kina tsammani don daɗi nake sa ki karanta min kullum? So nake in ji inda za ta tsaya. Ni na ba ta labarin nan."

"Kika ba wa?"

Iya ta nuna ɗakin da haɓa.

"Yaya Ni'ima? Yaya Ni'ima ce 'Yar Marke?"

"Da daminar bara, tana yi min kitso tana jan bakina. Iya me ya sa ake ajiye dami a gindin rumbu, Iya wace ce Mai Rumbu. Ni kuma da tsufa ya sa bakina ya saki, na zazzage mata. Ashe rubutawa take."

Rumaisa ta sauke wayar. Ta san da damin. Tun tana zuwa hutu take ganin ana ajiye shi duk kaka, da safe a ga wayam, yara su ce awaki ne. Ta kuma san bana babansu ya hana. Kwana uku da hanawar aka tsinci Ni'ima a yashe kusa da rumbun, rana tsaka, tsintsiya a hannunta.

"To ai shi ke nan, Iya. In ke kika gaya mata, ba abin tsoro ba ne."

"Ban gaya mata sunan ba."

Rumaisa ta ɗago ta dube ta.

"Sunan nan ni kaɗai na san shi a duniya. Uwar mijina ta raɗa min a kunne ranar da za ta cika, ta ce in riƙe, don kada wata rana a sa wa jaririya shi da kuskure. Ko uban naku bai san shi ba."

"Amma Iya, shafin nan yau da hantsi aka sako shi. Jiya ma an sako. Shekaranjiya ma. Yaya kuwa kwana tara ko cokali ba ta iya riƙewa."

"Ina wayarta?"

Tambayar da ba wanda ya iya amsawa ke nan tun ranar. An duba ɗaki, an duba gindin rumbu, har tokar murhu an tona. Aka haƙura, aka ce wani ya tsinta.

Rumaisa ta shiga guruf ɗin, ta taɓa sunan 'Yar Marke. Lamba ce da ba ta sani ba, ƙila wani layin Ni'ima ta saya a ɓoye. Ta danna kira, ta ɗora wayar a cinya.

Ta shiga.

Sai suka ji. Kukan tsuntsun nan da Ni'ima ta sa a wayarta, wanda duk gidan aka sani. Ƙasa-ƙasa yake fitowa, a toshe, kamar an kifa masa tukunya. Daga bayan ɗakuna.

Jama'a, waya ce da ta kwana tara ba caji, a cikin rumbun da ko ɓera ba shi da ƙofar shiga.

Kukan ya katse. An ɗauka.

Rumaisa ta ga daƙiƙa na tafiya a fuskar wayar, ɗaya, biyu, uku. Ba a yi magana ba. Numfashi ne kawai, a hankali, irin na wanda ya daɗe bai sha ruwa ba. Ta kashe da sauri ta jefar da wayar a kan tabarma.

"Salamu alaikum."

Tsalle ɗaya ta yi. Babansu ne, Malam Hamisu, ƙaiƙayi duk ya hau masa hula, gorar ruwan tofi a hannunsa. Ta durƙusa.

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa Baba. Ya aiki, ya rana?"

"Alhamdulillahi. Ya mai jiki? Inna, barka da rana, ya ƙarfin jiki?"

Iya ba ta amsa gaisuwar ba. Ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma tun ranar da ya hana damin ba ta ƙara kallon inda yake ba.

"Kai wannan," ta ce. "Ka kai mata dawarta."

Ya sauke numfashi.

"Inna, don Allah. Mun gama maganar nan."

"Ba mu gama ba. 'Yarka tana bushewa a gabanka."

"Shekara hamsin ina kallon ana ajiye abinci a gindin ginin ƙasa. Mahaifina ya yi, ni ma na yi don kunyarki. Bana na ce ya isa. Wanda ya mutu ya mutu, Inna, ba ya ci ba ya sha. Awaki ke cinyewa."

"Awaki na cinyewa har da igiyar? Ka taɓa ganin ko kara ɗaya da safe?"

Ya kauda kai.

"Baba," Rumaisa ta ce, kanta a ƙasa, "wayar Yaya tana cikin rumbun. Yanzu na kira, muka ji tana ƙara. Har an ɗauka."

Ya dube ta tsawon lokaci. Ba fushi a idonsa, tausayi ne, abin da ya fi mata ciwo ke nan.

"Ke ma? Ke da na tura karatun asibiti? To kira mu ji."

Ta ɗauko wayar ta danna, ta sa a lasifika. Muryar matar nan ta kamfani ta fito tar, wai lambar da ake kira a kashe take.

Ta sake. Haka dai.

"Rashin barci ne, Rumaisa. Ki riƙa yin azkar." Ya juya ga mahaifiyarsa, ya durƙusa har ƙasa. "Inna, kina ganin ba na son ta ne? Wallahi da a ce jinina za a ɗiba ta yi magana, da yanzu an ɗiba. Amma in na ɗauki dawa na kai wa wanin Allah, me zan je in ce masa ranar gobe?"

"Ni ma ina sallah. Ban taɓa yi mata sujada ba. Mutum ce da kakanninka suka rufe da yunwa, ana ba ta haƙuri."

"Allah ake ba haƙuri, a yi mata addu'a in ta cancanta." Ya miƙe tsaye. "Kuma ko da na so, babu shi."

Iya ta ɗago.

"Babu me?"

"Damin farkon. Ranar da aka ɗaure shi na ba da shi sadaka. An sussuke, an niƙa, an ci."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Jingina kawai ta yi da bango, bakinta a buɗe, goron hannunta ya gangara ƙasa.

Malam Hamisu ya shiga ɗakin. Rumaisa tana jin karatunsa ƙasa-ƙasa, yana tofawa, yana shafa wa Ni'ima ruwan a wuya. A tsakiyar aya muryarsa ta karye, sannan ya ƙarasa. Da ya fito idonsa ja wur.

"Zan leƙa masussuka kafin azahar. Kada in ji an taɓa min dawa."

Ya fita.

Rumaisa ta leƙa ɗakin. Ita fa ɗalibar jinya ce, ta san abin da take gani. Idon Ni'ima ya zurma, leɓenta ya tsage, tun jiya kunun ma dawowa yake. Jikin nan ba zai kai wani satin ba.

Ta miƙe ta nufi zaure, inda aka jera dammunan da aka kawo jiya.

"'Yar Makarfi, me za ki yi?"

"Abin da kika ce a yi."

"Ba na farko ba ne. Ban taɓa jin ta karɓi na biyu ba."

"Kin taɓa jin an gwada?"

Iya ta girgiza kai. Ta ce, "To saurara. Ki ajiye ki juyo, kada ki waiga. Kika ji kira, ki datse bakinki. Kin ji ni? Ta riga ta ji muryarki."

Rumaisa ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, ta ciccibi dami ɗaya ta ɗora. Tsoro biyu ke cinta, na rumbun da na Allah. Tana tafe tana cewa a ranta, ya Rabbi ka gani, ba bauta nake ba, yayata nake nema wa rai.

Lungun da ke kaiwa bayan ɗakuna ɗan siriri ne, zangarniya na gogar bango hagu da dama. Ta ɓullo filin. Ga shi nan a tsaye a kan duwatsunsa, ya fi duk rumbunan gidan ƙiba saboda yaɓen shekaru, jinkarsa ta yi baƙi. Rana na dukan ko'ina, amma wurin sanyi ne da shi kamar bakin rijiya. Ko ƙuda babu.

A jikinsa, daidai tsayin fuskar mutum, yaɓen ya tsage. Tsagar sabuwa ce, ga ɓarɓashin a ƙasa.

Ta kauda kai. Ta sauke damin a gindinsa.

Daga ciki aka ja wani abu a jikin bangon, ƙirrr, a hankali, daga sama zuwa ƙasa.

Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Ta juya. Taku ɗaya, biyu, uku, tana jiran kiran. Ta shiga lungun. Shiru. Ta kai tsakiyarsa. Shiru. Ta fito tsakar gida, ga turmi, ga kaji sun koma tono, ga ƙarar motar rake tana wucewa a titi.

Ba a kira ba. Wayyo daɗi, ba a kira ba!

Ta ja jiki zuwa randa, ta cika moɗa, ta kafa kai tana sha kamar ba za ta daina ba, ruwan na zuba mata a wuya.

"Rumaisa."

Muryar Iya ce. Ita ce sak, har da ɗan fiton nan na giɓin haƙoranta, a gajiye, dab da bayanta.

"Na'am Iya."

Na'am ɗin ya riga ya fita.

Ta sauke moɗar a hankali. Iya tana gabanta, ba bayanta ba. Tana can bakin ƙofar Ni'ima inda ta bar ta, tafin hannu biyu a kan bakinta, idanun nan masu yana a zazzare.

Sai a lokacin ta tuna. Tunda aka haife ta, Iya ba ta taɓa kiranta Rumaisa ba.

A cikin ɗakin aka yi tari. Tari mai sauti. Sannan wata busasshiyar murya da gidan ya kwana tara bai ji ba.

"Ruwa… a ba ni ruwa."

Rumaisa ta kwasa da gudu da moɗar a hannu, ta faɗa ɗakin, ta zube gaban katifar. Ni'ima ta ɗago kai da ƙyar. Ba ta kalli ruwan ba, fuskar ƙanwarta take kallo, ta damƙe mata hannu.

"Ta sake ni," ta ce. "Ba ta saki sai ta sami wani. Rumaisa, wa ya amsa mata?"

Rumaisa ta buɗe baki za ta ce alhamdulillahi Yaya, kin warke.

Leɓenta ya motsa. Ta sake gwadawa, ta dafe wuya, ta tattaro duk ƙarfinta.

Ko iska ba ta yi ƙara ba.

A bakin ƙofa, kan tabarma, wayarta ta yi haske. Sabon shafi ya shigo guruf, matan Kudan har sun fara turo godiya. Wannan karon ba daga layin 'Yar Marke ya fito ba.

Daga lambar Rumaisa ne.